Turaren Inna da Murjanin Baban Nazifa

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024
An yi wa Baban Nazifa aikin zuciya, Alhamdulillah ya farka. Na sunkuya in ji abin da zai ce mini, sai na ji, "Kin gwada ruwan?" Shekara ashirin da shida da aure, mutum ya leƙa lahira ya dawo, amma tankin kifinsa ya fara tambaya. Na ji haushi ƙwarai.

Laraba, 9 ga Oktoba
Kafin a kwantar da shi ya manna mini takarda a jikin firji: zafin ruwa kaza, gishiri kaza, ɗiga wannan, kar a taɓa wancan. Tankin ya cinye rabin falo, kifi huɗu kacal, sauran duk murjani. Ni murjanin da na sani na wuya ne. Nasa wai dabba ne mai rai, da ƙananan bakuna kamar kan allura. Akwai shuɗiya mai rassa a tsakiya, Sarauniya yake ce mata. Shekara bakwai yana renonta, tun tana kamar ɗan yatsa.

Asabar, 12 ga Oktoba
Gida cike da masu zuwa yi mana sannu. Ƙanwarsa Hindu tana shigowa ta yatsina fuska. "Anti Zaratu, flat ɗin nan ƙarni yake, sai ka ce shagon kifi a Old Kent Road."

Kunya kamar in nutse. Tun zuwan tankin Baban Nazifa ya hana ni turare a falo, ni kuwa na ɗauka son iko ne kawai. Na ɗauko kasko, na hura gawayi, na zuba turaren wutar da Inna ta haɗa mini kafin ta rasu. Tagogi a rufe saboda sanyi, hayaƙi ya turnuƙe har la'asar. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi. Yau falon nan nawa ne.

Lahadi, 13 ga Oktoba
Na ƙara yi. Sau biyu ma.

Talata, 15 ga Oktoba
Sarauniya ta rufe bakunanta. Gindinta ya yi fari fat kamar alli.

Laraba, 16 ga Oktoba
Likita ta ce kar a tayar masa da hankali. Ya ce in nuna masa hoton Sarauniya, na nuna na makon jiya. Ya yi murmushi, ya ce, "Ashe kin iya."

Juma'a, 18 ga Oktoba
Farin ya hau har rabin rassan, naman yana saɓulewa. Na kira Mordecai, abokinsa ɗan Jos, wanda ya sa shi cikin wannan haukan. Ya gwada ruwa, komai daidai. Sai ya buɗe ƙoƙon injin da ke tara kumfa a ƙarƙashin tankin, ya shinshina, ya miƙo mini. Ƙanshin Inna ne, haɗe da wari.

"Madam, injin nan iskar ɗaki yake zuƙa ya tura cikin ruwa. Abin da kuka shaƙa, su sun sha."

Gara ma a ce ya zage ni. Muka canza ruwa bokiti shida. Ya datse kan reshe uku da ke da sauran rai, ya manna su a kan ƙananan duwatsu. Ya ce uwar ta tafi, waɗannan kuwa fifty-fifty.

Asabar, 19 ga Oktoba
Saura farin ƙashi. Na yi kuka, ban ma san ko wa nake yi wa ba.

Talata, 22 ga Oktoba
Na faɗa wa Baban Nazifa, har maganar hoton. Ya juya fuska wajen taga. Can ya ce, "Na taɓa yi miki bayanin injin nan." Gaskiya ne, ni ce ban saurara ba. Na so in ce ni ma shekara bakwai ban ji ƙanshin uwata a falona ba, kuma bai taɓa tambaya ba. Na yi shiru saboda ɗinkin da ke ƙirjinsa. Ko sai anjima bai ce mini ba.

Lahadi, 27 ga Oktoba
Reshe biyu sun mutu. Saura ɗaya, bai kai ƙaramin yatsana ba. Har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Asabar, 2 ga Nuwamba
Jibi za a sallame shi. Hindu ta zo taya ni shara, ta zaro kwalbar feshin ƙamshi daga jaka, ban san lokacin da na riƙe hannunta ba. "Anti, ke ma murjanin ya kama ki?" Na ce ta rufa mini baki.

Kaskon yana ɗakin kwana, ƙofa a rufe.

Da safe ya turo saƙo: "Ya 'yar taki?" 'Yar Sarauniyar da ta rage yake nufi. Ni ba wani damuwa na yi da ita ba. Na dai durƙusa gaban gilashin har shayina ya huce. Ta buɗe bakuna goma sha ɗaya, sau biyu na ƙirga.