Gonar audugar da ba a rufe aikinta ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dattijo ne na haura tamanin, kuma maganar da na zo da ita ta girmi yawancinku.

A shekarun alif ɗari tara da sittin ina saurayi aka ɗauke ni akawu a aikin wata gonar gwajin irin auduga, a wani ƙauye tsakanin Funtua da Malumfashi. Shugabana wani Malam Sule ne, mutum mai son komai a rubuce, shi ya koya min cewa kowane aiki da takardunsa. Akwai takardar fara aiki wadda ta faɗi abin da za a yi da waɗanda suka yarda, akwai jadawalin da muka manna a bango tun daga sharar gona har tsinkar auduga, ga rahoton da nake bugawa a tafireta duk ƙarshen wata. Ta ƙarshe ita ce takardar rufe aiki, wadda da ita ake mayar wa kowa kayansa.

Filin na Maguzawa ne, babbansu Sarkin Noma Barmo. Ranar da za a sa hannu aka taru a gindin wata ɗorawa, ni na karanta musu takardar fara aikin da Hausa. Barmo ya sa na maimaita, sannan ya ce, "Yaro, aro ne ko kyauta?" Na ce, "Aro ne Baba, ga shi a rubuce, ranar da aka rufe aiki fili zai dawo hannunku." Ya kalle ni ya ce, "Ni ban san takarda ba, kai na gani." Sannan ya dangwala yatsa.

Aiki na tafiya sai ƙasa ta rikice. Mai awonmu da mai kula da sito suka gudu garuruwansu, aka yi wa Malam Sule canjin wurin aiki, ya tafi da cewa zai dawo mu rufe. Na ci gaba da aika rahoto har na gane ba mai karantawa. Babu wanda ya ce aiki ya mutu, babu wanda ya ce yana nan. Shugaban leburorinmu, Malam Audu, ya ce bari ya riƙa noma filin kada ya koma daji kafin a dawo. Barmo yakan tare ni a kasuwar Funtua ya tambaya ko an rufe, in ce tukuna, har ya rasu. Ofishin kuwa rufinsa ya zube, gara ta cinye duk abin da ke ciki.

Yanzu ga inda nake. Ɗan Malam Audu, Alhaji Lawal, shi ke auren 'yata Hajara, a gonar nan aka haife shi, bai san ta da wani suna ba sai gadon ubansa, da ita yake ciyar da jikokina. Su kuma jikokin Barmo sun yi yawa, fili ya yi musu kaɗan, sun kai ƙara gaban hakimi. An duba an ga duk wanda ya zauna a taron nan ya mutu sai ni, an ce in je in ba da shaida ranar zama.

Tun daga nan abubuwa suka canza. An wayi gari an sare ɗorawar nan, ba wanda ya ce shi ne. Maƙerin garinmu ya gaya min samarin ɓangarorin biyu suna kawo masa adduna wasawa, alhali ba lokacin sharar gona ba ne. Babban jikan Barmo, Nomau, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce da ƙyar yake riƙe yaransu, sun yarda su jira ne kawai saboda suna so su ji daga bakina. Surukina kuma ya zo da kansa, muka yi gaisuwa mai tsawo, da zai tashi ya ce, "Baba, a shekarunka mantuwa ba abin kunya ba ce." Bai taɓa yi min magana da irin wannan muryar ba. Hajara ta daina zuwa, abinci kawai take aikowa.

Wallahi ban manta komai ba. In na ce aro ne, ina tsoron auren 'yata da abincin jikokina, kuma ban san abin da yaran Lawal za su yi ba. In na ce na manta, Nomau ba zai iya riƙe nasa ba, ni kuma kabari ya matso. Na yi tunanin in roƙi hakimi ya ji ni a keɓe ko za a raba filin, amma ina gudun a ce an saye ni. Ku da kuka san shari'a da aikin ofis, aikin da ba a rufe ba, aron yana nan har yau? In je in faɗa a gaban jama'a, ko in fara kiran Hajara in gaya mata?