Dokar Ɓarawo da Yusufu Ya Bar Mana

Anti Hauwa, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan gaya wa wannan magana bai yi mini dariya ba. Wa zai yarda a ce mace mai shekara hamsin da ɗoriya, malamar firamare da ta kusa ritaya, tana neman raba 'yarta da mijin aure a kan wasan cikin kwali?

Ɗana Yusufu ne ya kawo wasan gidanmu da ya dawo daga bautar ƙasa. Ba caca ba ce, kar ki ɗauka. Allo ne da ake harhaɗawa gunduwa-gunduwa kamar saƙar zuma, kowace gunduwa gona ce mai lambarta da abin da take bayarwa: wata itace, wata bulo, wata alkama, wata tumaki, wata dutse. Kowa ya zaɓi launinsa, ya kafa ƙauye biyu da hanya biyu. Sai a riƙa jefa dayis biyu irin na lido, lambar da ta fito, duk mai ƙauye a jikin gonar ya karɓi katin amfaninta. Da katunan ake gina hanya da ƙauye da birni, ana musaya da juna, wanda ya riga kai maki goma shi ya ci. Akwai kuma wani ɗan itace da ake kira ɓarawo. In bakwai ta fito, wanda ya jefa sai ya ɗora shi a gonar wani, gonar ta daina bayarwa, ya kuma zare wa mai ita kati ɗaya.

Duk Lahadi in mun taso daga coci muka ci abinci, mu huɗu ne a tebur: ni da maigidana da Yusufu da ƙanwarsa Debora. Maigidana ba abin da ya sani sai shimfiɗa doguwar hanya, kamar ɗan kwangilar da ba ya gama aiki. Ni kuwa tumaki nake tarawa, har yaran suka sa mini suna Mama mai tumaki. Yusufu ya sha gaya mini in kafa ƙauyena kusa da shida ko takwas don su suka fi fitowa, in kuma tabbatar ina da itace da bulo tun farko, amma kunnen ƙashi gare ni. Shi launin ja yake ɗauka kullum, babu mai taɓa masa. Kuma shi ya koya mana cewa ba a ɗora ɓarawo a gonar wanda yake baya a maki. Ni ce dai kusan kullum a baya, to ɓarawo bai san hanyar gonata ba.

Bara da damina Yusufu ya rasu, hatsarin mota a hanyarsa ta zuwa aiki Abuja. Ba zan iya rubuta fiye da haka ba. Kwalin ya zauna a kan kabad har ƙura ta rufe shi, ba mai kallonsa.

Debora tana da saurayi, Titus, yaron kirki, ba zan yi masa ƙarya ba. Iyayensa na shirin zuwa gaisuwa. Watan jiya ya zo cin abincin Lahadi, sai ga Debora ta sauko da kwalin ta goge shi, ta ce mu yi wasa, ai yanzu mun sake cika huɗu. Na daure na zauna. Kafin in buɗe baki ta zuba wa Titus jan nan na Yusufu a gabansa. Na dubi maigidana, ya sunkuyar da kai yana gyara tabarau.

Ashe Titus gwani ne, suna yi da abokansa a Abuja. Tun wajen shirya allo ya fara gyara mana, wai ba a haɗa shida da takwas kusa da juna. Can wasa ya yi nisa, ina can baya da tumakina, ya jefa bakwai. Ya ɗauki ɓarawo ya ɗora a gonar alkamata, ita kaɗai ce ke ba ni wani abin kirki, ya miƙo hannu yana murmushi zai zari kati. Na ce masa ba a yin haka, doka ta hana. Ya ce cikin ladabi ai babu wannan dokar a wasan, duk wanda ya koya mana kuskure ya yi.

Anti Hauwa, ban san lokacin da na share allon da hannuna ba, 'ya'yan wasa suka watsu har ƙarƙashin kujera. Na ce masa kujerar da yake kai ba tasa ba ce kuma ba za ta taɓa zama tasa ba. Yaron ya miƙe, ya durƙusa ya ba ni haƙuri, bai ma san laifinsa ba, ya fita.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne abin da Debora ta gaya mini bayan tafiyarsa, tana kuka. Ta ce Titus gaskiya ya faɗa, babu dokar. Yusufu ne ya ƙirƙiro ta, tun wata Lahadi da aka yi ta ɗora mini ɓarawo har na tashi daga tebur ina cewa kaina ke ciwo. Su uku duka sun sani, har maigidana. Shekaru ina zaune ina tsammanin dokar Turawa ce ke kare ni, ashe ɗana ne. Ko na gode ban ce masa ba, kuma yanzu ba inda zan same shi in ce.

Tun ranar Titus bai sake tako gidan ba. Debora tana gaishe ni da safe kamar baƙuwa, ta ci abinci a ɗakinta, har ta fara zancen komawa wurin gwaggonta a Maje. Maigidana ya ce in ba yaro haƙuri a wuce wurin. To in ce masa me? Wani lokaci ina jin na yi laifi, wani lokaci kuma sai in ce ai gidana ne, ɗana ne, wa ya aike shi gyara mana doka? Har na yi tunanin in ƙone kwalin kowa ya huta, amma na ɗauko shi sai na kasa. Zuciyata ta karye, kuma ina tsoron in rasa yarinyar nan. Yaya zan yi?

Mama mai tumaki, daga Kurmin Sarki, Suleja

AMSA

Mama, sannu da rashi, Allah ya ƙara miki haƙuri. Ban yi dariya ba, kuma kar ki ƙone kwalin nan.

Bari in fara da inda kike da gaskiya. Kusan kowane gida da ake irin waɗannan wasanni yana da dokokinsa na cikin gida, ko lido ko karta haka suke, kuma dokar da mutanen tebur suka yarda da ita doka ce cikakkiya. Yusufu bai yi kuskure ba, gyara ya yi don kowa ya ji daɗin zama. Baƙo kuwa in ya zauna a teburin mutane tambaya yake yi, ba koyarwa ba. A nan Titus ya yi gaggawa. Debora ma ta yi nata: ya kamata ta gaya masa na wane ne jan nan, ta kuma nemi izininki kafin ta sauko da kwalin.

Amma ki duba ɗaya ɓangaren. Titus bai san yana taka kabari ba, wasa ya zo yi kamar yadda ya iya, wataƙila ma don ya burge ku. Maganar da kika gaya masa ta fi laifinsa nauyi nesa ba kusa ba, kuma ya fassara ta da cewa ba a son shi a gidan. Debora kuma ba mantawa ta yi da yayanta ba. Ita ma rashi ta yi, kuma da hannunta ta goge ƙurar kwalin don ta ga iyayenta sun sake zama a tebur. Launin yayanta da ta fi ƙauna ta ba wa mutumin da take so. Ban ga raini a ciki ba.

Ga abin da nake ganin za ki yi. Ki fara da Debora, ku biyu kaɗai, ki bar zancen wa ya yi laifi, ki tambaye ta yadda take kewarsa. Ina zargin ba ku taɓa yin wannan hirar ba. Bayan nan maigidanki ya kira Titus gida, ki gaya masa da bakinki wane ne Yusufu a wannan tebur, da dalilin dokar, ki janye maganar kujera. Babba ya ba yaro haƙuri ba ya rage masa girma. Ki yi haka kafin maganar ta kai kunnen iyayensa a karkace.

In kun shirya komawa wasan, ba dole sai yanzu ba, ku faɗi dokoki a fili kafin a jefa dayis na farko, kowa ya amince, dokar Yusufu ta zama ta gidan da sunansa. Maganar ja kuma ke za ki yanke. In zuciyarki ba ta ɗauka ba tukuna, ki ɗauke shi da kanki ki ba Titus naki launin. Babu wanda zai ga baikenki.

Godiyar da kike kukan ba ki yi wa Yusufu ba, hanyar biyanta ɗaya ce: yaron nan ya yi dokar ne don kar kowa ya tashi daga tebur ransa a ɓace, to kar ki bar ƙanwarsa ta tashi. Ɗa ɗaya kika binne, Mama. Kar ki yi makokin biyu alhali ɗayar tana ɗakin da ke jikin naki. Ki ƙwanƙwasa mata ƙofa yau.

Allah ya sanyaya zuciyarki, ya daidaita tsakaninku, ya nuna miki bikin Debora lafiya.

Anti Hauwa