Anselme Rouquier Ba Matsoraci Ba Ne

Cikin alhini, amma ba da sunkuyar da kai ba, Ƙungiyar Mahaya Keke ta garin Valcroze tana sanar da jama'a cewa ta sami tabbacin rasuwar ɗanta kuma gwarzonta, Saje Anselme Rouquier, zakaran gasar tsaunukan lardinmu sau uku a jere, wanda ya riga mu gidan gaskiya a fagen daga ranar tara ga Yuni, yana da shekara ashirin da tara.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanya ranar gasa ya san ɗan mai gasa burodin nan da ya koyi hawan tudu da kwando a bayansa, ya zo ya bar zakarun birni suna haki. Da yaƙi ya ɓarke, yana cikin sahun farko na sojojin keke masu kai saƙo.

Wata huɗu ke nan ana yawo da wata magana a garin nan, yau kuwa za mu binne ta. Wani soja da ya zo hutu ya ce da idonsa ya ga Anselme ya ba abokan gaba baya, ya kifa kai a kan keke, ba a sake ganinsa ba. Shi ke nan aka ce matsoraci ne, har aka daina gaida uwargidansa, Madam Odile, a ƙofar coci. Kaico!

To, ga wasiƙar shugabansa, Kyaftin Delmas, a hannunmu. A ranar, manyan bindigoginmu ne suke ruwan wuta bisa kuskure a kan ramukan da mutanenmu ɗari da sha ɗaya suke ciki, wayar tarho ta tsinke, hanyar zuwa wurin masu harbin kuwa fili ne fetal. Da Kyaftin ya nemi mai kai musu takardar a daina harbi, Anselme ya dubi abokansa ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan ko tudun kasuwarmu sai sun sauka sun tura keke. Ba ni takardar." Kilomita shida ya yi, rabinsu da harsashi a cikinsa. Ya isa, ya miƙa takarda, bindigogi suka yi tsit. A can ya cika, a hannun sojojin da ba su san sunansa ba, abin da ya jinkirta labarin ke nan.

Ƙungiya tana alfahari da shi, tana roƙon Allah ya jiƙansa, ya ba Madam Odile da mahaifinsa, dattijo Rouquier, juriyar wannan babban rashi.

Cikin waɗanda suka tsira a ranar, bakwai 'ya'yan garin nan ne. Iyayensu sun san kansu, sun kuma san hanyar gidan Madam Odile.

Honoré Cazal
Sakatare kuma Kakakin Ƙungiya
Valcroze, 14 ga Oktoba, 1916