Sunan da Na Tsallake

Gwaggo Saratu,

Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki. Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafarki, yaya yara? Mu nan Gyadi-Gyadi lafiya lau.

Mujallar ikilisiyarmu da kuka fara da shafi huɗu, wadda har yanzu ke kike zaɓen abin da ake bugawa a cikinta, guda ɗaya ke iso mana duk wata, kuma ni ke karanta wa zumuntar mata. Da sojoji suka sauka daga mulki, aka ce matasa su aika addu'a domin sabuwar gwamnati. Sau uku na kwafe tawa. Amma ta Rifkatu ta Tarauni aka buga, wadda nake gyara wa rubutu a aji!

Ranar Lahadi na karanta musu, na tsallake sunanta. Mama Talatu ta ce, "'Yata, ke kika rubuta wannan?" Ban musa ba, suka yi ta sa mini albarka, Rifkatu tana zaune a baya.

Gwaggo, addu'arta ta fi tawa kyau, abin da ke cina ke nan. Ki roƙa mini ƙarfin faɗin gaskiya ranar Lahadi. Ki gaishe da Kaka. Kin yarda in sake rubuto miki? Ke dai ko ba a buga ba, za ki karanta nawa.

'Yarki,
Hannatu