Yaron da Ban Ƙirga Ba

Djougou, daren Laraba

Yau masu ɗigon rigakafin shan inna sun shigo gidanmu da hantsi. Surukata Hajiya tana zaune tana gyaran goro, ɗayarsu ta tambaye ni, "Madam, yaranki nawa?" Na ce ɗaya, na miƙa jaririya. Ta yaya zan buɗe baki gaban Hajiya in ƙirga ɗan farina? Yana ɗakinta yana barci. Na jira ta ambace shi, ba ta ko ɗago kai ba. Suka shafa wa jaririya tawada a yatsa, suka rubuta ɗaya a ƙofa da alli, suka wuce.

Gobe da sassafe Hajiya za ta tafi da shi biki Parakou, gida cike da dangi daga ƙetaren iyaka. Kuma mai rigakafin nan ta faɗa, cutar a cikin baƙi take shigowa.

Haushin kaina nake ji. Wace irin kunya ce wannan? Ɗazu na kama hannunsa, yatsan fes, babu tawada. Shekararsa huɗu, ni na haife shi, amma ko a takardar nan da ba mai gani na kasa rubuta sunansa.