Wai Daddawa Tasu Ce

Gwarzo, daren Laraba

Yau an ɓata min rai. Lauyan wani kamfani a Legas ya turo wasiƙa, wai sun yi wa kalmar "daddawa" rajista ta zama tambarinsu, don haka in saki adireshin shafin intanet ɗin da na buɗe wa Inna don sayar da daddawarta, cikin mako biyu. Daddawa fa! Adireshin da na buga a jikin kowace leda, ta nan matan Abuja da Kaduna suke samun mu.

Na kira Yaya Sani, tunda shi ya karanta lauya. Ya ce, "Kwantar da hankalinki, ba a mallake sunan da kowa yake kiran abu da shi. Amma kada mu yi shiru, gobe za mu ba su amsa." Hankalin dai bai kwanta ba, ko tuwo na kasa ci.

Da la'asar na je Getso na tarar da Inna tana wanke kalwa. Da na ba ta labari, ta ɗauka furta kalmar aka hana ta. "To in mai saye ya zo me zan ce masa? Ga abin nan na miya?"

Sau uku ina mata bayani. Ta goge hannu a zani ta ce, "Ki ce su zo su kwana uku a ɗakin da nake rufe kalwa. In sun jure warin, na bar musu sunan."