Rairayin da Nake Ɗebewa

Zuwa ga Maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ƙasa ta yi maka sanyi. Na san babu motar da za ta kai maka wannan takarda. Amma aji huɗun da na yi a lakwal, makarantar boko, ya ishe ni in rubuta abin da bakina ya kasa faɗa kana raye.

Gida lafiya. Gero ya fid da kai, jar akuyarka ta haifi biyu. Ɗiyarmu Rakiya ta ƙara tsawo. Hannunta na hagu yana nan yadda ka san shi tun ranar da likitan Maraɗi ya ce ƙwaƙwalwarta ta taɓu wajen haihuwa. In ta yi gaggawa sai ya naɗe a ƙirjinta kamar fiffiken zabo.

Shekaranjiya da azahar barci ya ɗauke ni a gindin aduwa. Na gan ka da farar riga, kana gasa mata gwiwar hannu da ruwan ɗumi, kana miƙe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Buhunan nan biyu da ka ɗinka da ƙafafun tsohon wandonka, waɗanda take ɗagawa don ta yi ƙarfi, sai ga su suna tashi sama su kaɗai. Rairayinsu yana zubo mini kamar yayyafi. Ka dube ni ka yi murmushi.

Ka tuna duk Juma'a kana ƙara kofin shayi guda na rairayi a kowane buhu? Kana cewa haka ƙarfi yake shiga jiki, ba ya son a firgita shi. To, da ka tafi masallaci, ni ce nake kwance bakin buhun in ɗebe tafi guda. Shekara biyu ina haka. Ba na iya kallon wuyanta yana rawa, haƙora a cije. A raina ina cewa, kai tsohon ɗan kokowa ne, ina ka san zafin cikin da ya ɗauke ta?

Tun rasuwarka buhunan suna rataye a garu. Mai horar da 'yan wasa masu naƙasa ya aiko daga Maraɗi, wai bayan girbi akwai gasar jifan dunƙulen ƙarfe a Yamai, za a tafi da ita in ta koma motsa jiki. Kwana tara na ɓoye saƙon. Jiya na faɗa mata, na haɗa da zancen rairayi. Ta yi dariya har hannun ya naɗe. Ashe kun sani! Ashe duk Asabar da safe kana mayar da tafin nan, ka kuma hana ta faɗa, wai a bar mini wurin da zan ajiye tausayina.

Me ya sa ba ka taɓa yi mini faɗa ba? Kana kallona ina zuba maka fura da hannun da ya yi satar, ka sha ka ce ta yi daɗi?

Yau Juma'a. Na ɗumama ruwa, na miƙe yatsunta yadda na gani a mafarki. Ta ce hannuna ya fi naka sauri, na rage. Na cika kofin har baki na zuba, na ɗaure buhun da ƙulli biyu. Ta ɗaga sau takwas. Wuyanta ya yi rawa, ban kau da kai ba, ni ce ma na yi ƙirgan.

Gobe Asabar ka yi kwanciyarka, babu abin da za ka mayar.

Allah ya haskaka makwancinka, ya haɗa mu a inuwa guda.

Taka har kullum,
Uwar Rakiya, Dakoro